Hoton Malam da Na Ce a Buga Kamar Ƙofa

Hoto ɗaya tak maigidana ya taɓa ɗauka na kirki. A Kano aka ɗauke shi, shekarar da ya sayi motarsa ta farko yana jigilar mutane daga Kibiya zuwa birni. Yana tsaye ya dafa gaban motar, ya karkata hula. Shekaru hoton ya yi a bangon ɗakina cikin gilashi.

Da aka shigo zamanin Shari'a, mu tsofaffi muka cika Islamiyyar matan aure. Ran nan aka yi wa'azi a kan rataye hotuna a ɗaki. Ba wanda ya ce a ƙona komai, sauke su kawai aka ce. To ni ban iya a yi abu ina baya ba. Na dawo gida na ciro hoton na tura shi a murhu, washegari na je na faɗa a gaban mata, har da ɗaga murya don na bayan aji su ji. Aka yi ta cewa masha Allah. Malam maigidana da ya dawo ya ga wurin wayam, abin da ya ce kawai shi ne, "Ai da kin ba ni na sa a akwati."

Allah ya sa kafin nan 'yata ta fari ta taɓa ɗaukar hoton da wayarta, irin ƙananan nan na farko masu kamara. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo a hannun yara har Malam ya rasu.

Bayan na fita takaba yara suka ce a buga shi a sa a falo, don jikoki su san kakansu. Ni da 'yata muka hau mota zuwa Rano, shagon wani mai buga hotunan biki da na 'yan siyasa. Na nuna masa ƙofar shagonsa na ce girman wannan nake so.

Ya sa hoton a kwamfuta, ya daɗe yana kallo.

"Hajiya, wannan ba zai kai ba."

"Me zai hana shi? Na ga kan ɗan takara ya fi tukunyar biki girma a bakin tasha."

Ya yi dariya ya ce wancan da babbar kamara aka ɗauka. Ya ce kowane hoton waya ɗigo-ɗigo ne aka jera, kuma na Malam ɗigonsa kaɗan ne. "Gero cikin tafin hannu zai rufe faifai, Hajiya. Ki baza shi a tabarma ki gani. Wannan iyakarsa tafin hannunki. Amma ina na takardar? Ki kawo min shi na ɗauke shi da injina, na cika masa ɗigo, ko bango kike so zan buga miki."

'Yata ta sunkuyar da kai. Tana tsaye a tsakar gida ranar da na ƙona shi.

Na ce, "Gara ta cinye."

Ya yi min jaje, har da addu'a. Maimakon na yi shiru na karɓi ƙaramin, sai kunyar ta juye min faɗa. Na ce injinsa ne tsoho, in ba zai iya ba ya faɗa na wuce Kano. Na ce tun ba a haife shi ba nake ganin hoto. Ya ce to, zai buga, amma na shaida ya faɗa min.

Ranar kasuwa aka kawo shi a naɗe a saman mota. Na riga na aika wa ƙanwar Malam a Fassi ta zo ta ga yayanta, na kuma gaya wa maƙwabta. Aka warware shi a tsakar gida, mata biyu suka riƙe.

Motar dai ana gane mota ce. Hular ma ana gane ta. Amma fuskar Malam ta zama wasu 'yan murabba'ai, baƙi da ruwan ƙasa, kamar an jera tubali. Ba ido, ba baki. In ka matsa kusa ma sai ya ƙara ɓacewa.

Ƙanwarsa mace ce mai tsokana, tun ina amarya ba ta raga min. Ta matsa, ta ja baya, ta goge idonta da mayafi.

"Yaya, wa kika auro mana kuma? Wannan ai ba namu ba ne."

Mata suka kwashe da dariya. Ita ma ta fara, sai ta tsaya. Ta ce a hankali, "Ɗauko min na gilashin nan kawai na gan shi. Yau da son ganin fuskarsa na fito."

Na buɗe baki zan sake kiran gara. 'Yata tana kallona. Na ce, "Babu shi. Ni na ƙona da hannuna, don a yabe ni a makaranta."

Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Zama ta yi a kan turmi ta yi ta kuka, kukan da ko ranar jana'iza ban ga ta yi ba. Mata suka zare ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙi cin abinci, kafin la'asar ta koma Fassi.

Ban iya komawa shagon ba. 'Yata na aika ta ba mutumin haƙuri, ta ce a buga ƙaramin yadda ya faɗa tun farko. Guda biyu aka buga, na aika ɗaya Fassi. A cikinsa ana gane Malam, in dai da ma ka san shi.

Jikokin da ba su riske shi ba, da baki nake kwatanta musu. Kwanan baya ɗaya ta tambaye ni tabon da nake cewa yana da shi a gira, a hagu yake ko a dama. Na ce dama. Na duba ƙaramin hoton, bai nuna ba, kuma har yau ban tabbata gaskiya na faɗa mata ba.