Mai Shara a Kujerar Bita

Shekara goma sha ɗaya ina share wani ƙaramin asibiti a wajen garin Isa, ba wanda ya taɓa tambayata yadda nike ganin aiki. In anka ce bita, manya ke tafiya Sakkwato, su dawo da jaka da biro. Mu namu mu share ƙasar takalmansu.

Sai anka kawo muna sabuwar shugaba, nas ce, Bayarbiya, amma Hausarta kamar a Sabon Birni anka yanke mata cibi. Ranar farko ta dubi zanen fuskata ta tuntsire da dariya.

"Af, ashe ina da bayi nan. Bagobira, zo ki gai da uwargijiyarki."

"Sista, barkono ne ya koro ki daga gida," na ce. "Zauna mu ba ki fura ki yi hankali."

Wasan Gobirawa da Yarbawa ke nan tun kakanni, ba a fushi. Da shi matar nan ta riƙa gaya mini abin da wani bai isa ya gaya mini ba.

Ta ce abin da ake koya wa manya na riƙon mutane, kowa sai ya samu, har maigadi, har mu masu shara. Duk Alhamis in marasa lafiya sun watse, sai ta aje kujera biyu ƙarƙashin dogon yaro, ta zauna da mutum guda. Da layi ya zo kaina na ce, "Ni wa nike shugabanta? Tsintsiya?"

"Ranar awon ciki, wa ke jera mata a rumfa?"

Ni ce. Lokacin ban daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba, na haura arba'in, rubutu na yi mini daɗi kamar sabon zane. Na sayi littafi ina rubuta sunayen mata don kada wata ta tsallake wata. Sati uku kafin zaman nan, wata ƙaramar mace ta zo daga Tozai, cikin fari, ƙafafunta sun kumbura. Sunansu ɗaya da wata, sai na ce ta faɗi sunan mijinta. Ta sunkuyar da kai. Na ɗaga murya: "Cikin kin iya ɗauka, suna ne ya gagare ki?" Rumfa ta ɗauki dariya. Ta ja hijabinta ta fita. Ba ta sake zuwa ba, maƙwabtanta ma sunka ɗauke ƙafa.

Sista ta ji labarin. Na zaci faɗa za ta yi, har na shirya amsa. Tambaya ta yi.

"Mi kika so ya faru ranar nan?"

"Layi ya tafi daidai."

"Ya tafi?"

Kafin in amsa, ta ƙara:

"To baiwata, gaya mini sunan naki maigidan."

"Malam."

"Wane Malam? Garin nan cike yake da malamai."

Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Shekara kusan talatin muna tare, harshena bai taɓa kama sunan nan ba. Abin da na kasa yi gaban mace guda, shi na tilasta wa 'yar mutane gaban rumfa, don kawai na iya riƙe biro.

"Kumburin nan ba abin wasa ba ne," ta ce. "Ina son in auna jininta. Mi za a yi?"

"Ki aika a kirawo ta."

"Ni na kore ta?"

"To, za ni tafi."

Ba ta ce in je ba. Ta bari na faɗa da bakina, kuma nan gwanintarta take.

Na hau mota zuwa Tozai. Na iske yarinyar tana sussuka da matan gidansu. Ban ja ta gefe ba. Gaban mata na kunyata ta, gaban mata na durƙusa, ni da na isa in haife ta. Uwar mijinta ta ce, "Tashi, Inna, kin gama magana."

Ranar awo yarinyar ta zo, da maƙwabtanta uku. Jininta ya hau sosai. Sista ta ɗora ta kan magani, ta riƙa duba ta duk sati har ta sauka lafiya. Tun daga nan unguwar mace nike rubutawa, in da buƙatar sunan miji sai in tambayi 'yar rakiya a hankali.

Bayan arba'in ta kawo yaron rigakafi. Ɗan fari ne, shi ma ba za ta kama sunanshi ba. Na tsallake ta na raɗa wa maƙwabciyarta tambayar. Sista na tsaye bakin ƙofa tana kallo.

"Bagobira ta yi hankali," ta ce.

"Furar da munka ba ki ce ta fara aiki," na ce, na rubuta sunan.