Shekarar da Ba Mu Ajiye Hatsi Ba

Hatsin da ya sha tafiya a kan raƙumi yana da warinsa na daban, ɗan tsami-tsami haɗe da warin fata. Jiya na ji shi a bakin kasuwa, sai na tsaya cik kamar an kira sunana.

Ina ɗan lakwal, wato makarantar boko, a lokacin, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. Wace shekara ce daidai, ba zan rantse ba. Babana mai kai takardu ne a wani biro, wato ofis, na gwamnati. A gidanmu, kamar yawancin gidajen tsohon garin Agadas, ba a sayen hatsi tiya-tiya. Idan ayari ya dawo daga kudu bayan girbi, an kai gishiri an ɗauko hatsi, mai gida yakan sayar da awaki, ya haɗa da abin da ya tara, ya sayi na shekara. Makullin ɗakin ajiya yana ɗaure a bakin zanen kakata.

A shekarar nan aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi. Ban manta yadda babana ya shigo yana dariya tun daga zaure ba. Ya ce bana ba za a taɓa awaki ba, abin da ya tara kuma keke zai saya da shi, ƙafafunsa sun gaji. Hatsi sai a riƙa saye wata-wata, kamar yadda ma'aikatan da aka turo daga Yamai suke yi. Ga albashi yana zuwa, ga ƙari.

Kakata ba ta yi masa barka da wuri ba. Da safiyar ranar ta je inda ayari ya sauka, ta ga raƙuman sun rame, kayan ba su cika ba, madugun da ya saba tsokanarta bai ko ɗaga kai ba.

"Kai an ƙara maka," ta ce. "Ka tambayi masu raƙuman me suka baro a kudu?"

Ya ce mata zamani ya sake, yanzu ƙasar a hannunmu take. Ina ganin da zuciya ɗaya ya faɗa.

Abin bai zo lokaci guda ba. Da fari mai awo ya daina yi wa tiya tozo. Daga baya gyara ta ɓace. Sai kuɗin ya fara hawa, kowace kasuwa da nata, kafin bazara ta tsaya sosai ƙarin nan ya shige cikin tiya ba a ga bayansa ba. Awakin da aka ƙi sayarwa suka rame, aka rasa mai taya su. Furar rana ta koma ruwa-ruwa, har kana ganin gindin ƙwarya.

A nan ne kakata ta fara azumin Litinin da Alhamis. Ba wanda ya yi mamaki, tsohuwa ce mai ibada. Sai ta ƙara da wasu ranaku, wai ramuwa ce tun ta ƙuruciya. Rabonta na tuwo kuma ya riƙa dawowa cikin kwanonmu, mu yara, muna ci ba mu tambaya.

Wata rana bayan la'asar babana ya jingine kekensa, ya durƙusa gabanta.

"Inna, wane irin azumi ne wannan da ba ya ƙarewa?"

"Tsakanina da Ubangijina ne," ta ce. "Tashi ka ci abinci, gobe kana da aiki."

Ba ta ga dawowar ayari na gaba ba. Ba zan ce yunwa ce ta kashe ta ba; ta tsufa, kuma kwana idan ya ƙare ya ƙare. Na yi karatu, na san akwai dalilai da yawa. Amma babana bai sake hawa keken nan ba.

Watan jiya aka yi mana ƙari a wurin aiki. Abokaina suna ta murna, mai yiwuwa su ne da gaskiya. Ni dai har yau ban faɗa a gida ba. Yanzu ba mai ɗakin ajiya, kowa daga kanti yake ci. Idan an ajiye kwano da dare, nakan sa hannu a hankali, ina duban wanda zai fara cewa ya ƙoshi.