Gaisuwar da Ba a Taɓa Yi wa Baffa Ba

Har yau idan na ji ƙaurin babbakar kan rago, sai in tashi in bar wurin. Ban taɓa gaya wa kowa dalili ba, sai kai da kake karanta wannan.

Ina firamare Baffa, ƙanen mahaifina, ya dawo gidanmu na Aujara daga yaƙin Laberiya, ya ajiye kaki. Ba ya hira, ba ya cin nama. A waje mu yara muna taƙama da shi, a gida kuwa shirunsa tsoro yake ba mu.

Da Babbar Sallah, bayan an yanka ragon layya, Baba ya miƙa masa kai da ƙafafu ya babbake, yana tsokanarsa wai soja ba ya gudun wuta. Aka yi dariya. Ya karɓa don kada ya kunyata yayansa a gaban maƙwabta. Ni aka aika bayan rumbu in kai masa kara.

Na tarar da shi durƙushe gaban wutar, jikinsa na ɓari, wandonsa ya jiƙe. Muka haɗa ido. Na ga abin da bai kamata ɗiya ta gani ba, shi ma ya san na gani. Na rasa inda zan sa fuskata.

Da yamma ina shara a ƙofar ɗakin kakarmu, na ji Baffa yana gaya mata a can Laberiya ya san wannan ƙaurin, kuma ba na dabba ba ne. Wai abokansa da suka mutu sun fi shi sa'a.

"Inna, kada ki bar ni ni kaɗai. Ina tsoron abin da zan yi wa kaina."

Ba ta yi masa wa'azi ba. Ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ɗakinsa, ta ce wa mutanen gida nata ɗakin ya cika zafi. Damina ta zo ta wuce, tabarmar na nan.

Bara kakar tamu ta rasu. A Dutse, inda na gama sakandare, na ji likita a rediyo yana cewa irin abin da ke damun Baffa ciwo ne, kuma ana maganinsa. A gidanmu har yanzu "halinsa ne" ake cewa. Ni kaɗai na rage da na sani, abin ba ya barina barci.

Da na je gida kwanan nan, na durƙusa gaishe shi, na ce, "Baffa, ya jiki?" Ba wanda ya taɓa yi masa gaisuwar mara lafiya.

"Da sauƙi," ya ce. Can kuma ya ƙara, "Wani lokaci babu."