Zaman da Na Yi a Kan Dutsen

Lokacin da nake saurayi, tun Nasara na mulki, mu 'yan kokawar unguwarmu a Madarumfa dutse ɗaya gare mu. Tsohon dutsen niƙa ne da ya lotse a tsakiya, wani ya mirgino shi gindin gawon bakin tafki. Da an fara yankan gero, bayan la'asar mukan taru mu riƙa ɗaga shi zuwa ƙirji don ƙarfin hannu da baya. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya gaya mini ƙa'idar wurin, gani na yi ana yi. Ka ɗaga iya ƙarfinka, ka ajiye, ka murje guminka daga jikin dutsen da yashi, ka ja baya. Kana maida numfashi, wani na ɗagawa. Ba a zama a kan dutsen.

Wani tsohon ɗan kokawa ke kula da mu, Baba muke ce masa. Duk shekara bayan kaka yakan zaɓi mutum ɗaya ya kai shi kokawar garin Sarkin Yamma. Shekara uku ina zuba ido ana tafiya da wasu. A ta huɗu manyanmu biyu suka yi aure suka bar kokawa, na ce bana dai tawa ce.

Sai ga ɗan gwaggona daga Ɗan Issa, an aiko shi ya taya mahaifina girbi. Na girme shi da shekara guda, kuma ni da kaina na ja shi gindin gawo don ya ga yadda yayansa ke yi. Na ɗaga sau takwas, jijiyoyin wuyana kamar za su tsinke. Ya tofa yawu a hannu ya ɗaga sha biyu, ya ajiye, ya murza yashi, ya ja baya yana tambayar wani ko ana samun tarwaɗa a tafkin. Ko nishi bai yi ba. Baba ya ce, "Madalla." Shekara uku ban taɓa jin wannan kalmar daga bakinsa ba, a daren nan ko tuwo ban ci ba.

Hassada ce, ba na neman mata wani suna. Ban iya fin sa ɗagawa ba, don haka na shiga hana shi. Ina ajiye dutsen sai in zauna a kai, in miƙe ƙafafu, in yi ta fifita da hula.

"Yaya, huta ƙasa mana in ɗan taɓa," in ji shi.

"Yaushe ɗan mace ya hwara tada ɗan namiji?" na ce. "Jira, bawana."

Kowa ya yi dariya. Ɗan kawu da ɗan gwaggo taubasai ne, abokan wasa, duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya ba a fushi. Da wannan na fake. Shi ma dariyar yake yi, ya tsuguna yana zane a yashi, har a kira magariba bai samu ɗagawa fiye da sau ɗaya ba. Dariyar tasa ta fi ƙona mini rai. So nake ya fusata ya zage ni, in samu abin riƙewa.

Rana ɗaya Baba ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Dutsen ga ba kujera ba ne."

"Wasa ne, Baba."

"Na gani."

Na daina zama, amma na koma ɗora ƙafa a kai, ina ɗaure warkin da bai kwance ba.

Da aka gama shigar da hatsi rumbu, Baba ya kira ni. Ni ya zaɓa. Na tafi Sarkin Yamma ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa. Na kada mutum biyu, na uku ya kada ni, kuma makaɗa sun ambace ni. A hanyar dawowa, Baba a kan jaki ni a ƙasa, bakina ya ƙi zama. Yabo nake nema.

"Baba, mi ya sa ka ɗauke ni ka bar shi?"

Ya ce, "Ban bar shi ba. Shi na hwara kira. Ya ce in tahi da kai, wai kai ka daɗe kana jira, shi kau baɗi na nan."

Muna isa gida na tarar da ɗan gwaggon nawa a zaure ya dama mini fura, yana ta tambaya yadda na kada na biyun. Na ba shi labari, yana tafa hannu da gaskiyarsa. Baɗin bai zo ba, ya shiga fatauci, bai ƙara yin kokawa ba har ya rasu. Da kada ni ya yi a gaban jama'a, da tuni na manta. Wannan kuwa na tsufa da shi, har yau ban iya ba da labarin Sarkin Yamma ba tare da na ji haushinsa ba.