Mai Kwat a Kasuwar Ketare

"Wai karatun kasuwanci ya yo a Ingila, har ya ƙure shi."

"To, mi yake saidawa?"

"Ba ya saida komi. Masu saidawa yake koya mawa."

Yana jin 'yan kasuwa na zancensa, bai waiwaya ba. Dogo ne siriri, cikin kwat mai kauri, rana ta take, gumi na bin wuyan rigarsa. Wurin kafa sikelin gyaɗa yake nema kafin kaka ta wuce, kuma babu mai bayarwa sai Sarkin Kasuwa, ga shi can kishingiɗe bisa buzu.

Da gani an koya masa yadda ake shawo kan mutum: ka tsaya ƙyam, ka dube shi cikin ido, ka faɗi buƙatarka a taƙaice. Sai dai a nan, wanda ya tsaya kan dattijo ya gama yawo. Ya duƙa yana kwance igiyar takalmi, ɗaya ta ƙulle, masu goro sun bar ciniki suna kallo. Da ƙyar ya durƙusa, wando na ƙara.

"Ina gajiya? Ina mutan gida? Ina Turawa, suna dai lahiya?"

Tsoho ba ya gajiya da gaisuwa. Jawabin da baƙon ya tsara tun a jirgin ruwa yana zubewa da kowace "lahiya lau". Da aka ba shi fili, sai ya ji muryarsa ta yarinta ta fito:

"Baba, don Allah a taimaka mani da gindin tsamiyar can."