Bappa Hammadu da Kifi Mai Kuka

Duk wanda ya san Bappa Hammadu, ƙanin mahaifina, ya san ba ya sayen kifi sai ya kara shi a kunne. Haka zai tsaya a Kasuwar Jalingo, ruwa na ɗiga a wuyan babbar rigarsa, yana tsawata wa 'yan talla su yi shiru.

Laifin ƙasar Poland ne, inda aka tura shi koyon kiwon kifi yana saurayi. Ban ga tsarabar da ya dawo da ita ba sai kalma ɗaya, piskorz, shi yana cewa "fiskosh". Wai wani kifin taɓo ne mai tsuwwa in an damƙe shi, kuma daga kalmarsu ta tsuwwa sunan ya fito. A wurin Bappa, mutanen da suka saurari kifi har suka raɗa masa suna da kukansa sun gama wayewa. Da ya dawo ya ji ƙurungunmu ma yana gurnani, shi ke nan, ya hana shi shiga tukunyar gidansa. Mai rai kuwa saye yake ya kai kogin Lamurde ya saki. Masunta suka gano shi, har gidansa a unguwar Majidaɗi suke biyo shi da bokiti.

Liman ya taɓa tuna masa cewa ragon layya ma ai yana kuka.

"Rago surutu ne da shi, Malam," in ji Bappa. "Kifi ba ya buɗe baki sai ta ɓaci."

Wadda ta sha wuya ita ce matarsa, Inna Ladi, 'yar masuntan Ibi, da romon ƙurungu aka yaye ta. Tun aurensu take mita, wai Turawan da ba ta sani ba sun shiga mata madafi.

A ciwonsa na ƙarshe ya kira ta, ya ce ya zalunci bakinta da yawa, ta je ta dafa ƙurungun, ya yafe. Inna ta fita da rawar jiki. Sai la'asar ta dawo, kwano wayam, zani jiƙe har gwiwa.

"Ina romon, Ladi?"

"Na ɗauki wuƙa, sai kifin ya yi mini magana, na kai shi kogi na saki. Ka lalata ni, Malam."

Dariya ya yi har da tari, ita kuma kuka. Ni ma na yi. Allah Ya ji kukan Bappa yadda ya ji na bayinSa marasa baki, Ya sanyaya makwancinsa.