Ranar da Mahaifiyata Ta Yi wa Kwamfutata Jinya

Shekarun baya, lokacin ina sitaj, wato koyon aiki, a masana'antar siminti ta Malbaza, na sayi wata tsohuwar kwamfutar hannu a Konni. Cikinta nake rubuta rahoton da zan kai lakwal, makarantarmu. Ranar Litinin ce ranar ƙarshe, in ban kai ba sai in maimaita shekara. Kuma ni gwanin wayo ban kwafe shi ko'ina ba.

Matsalarta zafi. Minti goma da kunnawa fanka ta kama kuka kamar injin niƙa, sai ɗif, ta mutu. Ga zafin bazara, ga ni kullum bisa matashin kai nake ɗora ta, wai ina lallaɓa ta.

Na taho gida Illela don in ƙarasa rubutun. Wani abokina ya ba ni shawara in aza ta bisa murfin randa, tunda nan ne wuri mafi sanyi a gidan. Wallahi ta yi! Tana kai rabin awa ba ta mutu ba. Na tare gindin randa, duk mai jin ƙishirwa sai ya jira in kai ƙarshen shafi. Mahaifiyata ta taɓa kwamfutar da bayan hannu, ta ce wannan ai zazzaɓi ne.

Ranar Juma'a na tafi masallaci, na dawo na tarar da kwamfutar naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, yadda ake naɗe jarkar ruwa don ta yi sanyi. Ruwa na ɗiga ta gefe. Mahaifiyata na murmushi ta ce, “Taɓa ka ji, ta huce.”

Ta huce kam. Ni ne gumi ya karyo wa. Ban iya faɗa ba, ban iya kuka ba, godiya ma na yi.

Na hau mota sai Konni. Mai gyara ya rantsar da ni ban kunna ba, ya kwance ta, ya shanya. Da ya kai ga fanka sai ya kira maƙwabtansa su zo kallo. Ƙurar simintin Malbaza ce ta cika ta, ta haɗu da zaren matashin kai, ruwan Inna ya zo ya kwaɓa su, abin ya daskare.

“Malam, yashi kaɗai ya rage mu buga bulo,” in ji shi.

Ya kankare, ya shafa sabon mai bisa ƙwaƙwalwarta, ya ce in riƙa aza ta bisa tebur, murfin kwalba huɗu a ƙarƙashi don iska ta ratsa. Da yammacin Lahadi ta kama. Da na ga rahotona, nan take na kwafe shi, Litinin na kai shi lakwal.

Tun daga nan komai na rubuta sai na kwafe shi wuri biyu, kuma na raba kwamfuta da matashin kai. Amma ban taɓa gaya wa mahaifiyata gaskiya ba. A wurinta ita ta warkar da ita. Har yau in na kira ta, bayan ta tambayi iyali sai ta ce, “Ya jikin waccan? In ya taso mata, buhun na nan.”